Babi na Biyar: Gida a Jikin Dutse

Duk alhajin da aka sauke a unguwar Aziziyya ta Makka, ko motarsu ta ratsa ta cikinta a kan hanyar Mina, da wuya bai ɗaga kai ya yi tambayar nan ba: waɗannan gidaje da ke manne a jikin duwatsu, wani bisa wani, yaya aka yi aka gina su, kuma me ya hana su gangarowa? Mai tambayar yana da hujja. Mutumin Kano ko Katsina ko Maraɗi a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa ya tashi. In ya sayi fili, safiyo ya kafa duwatsun iyaka, a ja igiya, a haƙa harsashi, aiki ya kankama. Dala da Goron Dutse suna nan a Kano, amma kewaye su gari ya yi, bai hau kansu ba.

Makka kuwa kwari ce a tsakanin tsaunuka. Filin da ke kwance sosai ya daɗe da ƙarewa, wanda ya rage kuma kuɗinsa ya fi ƙarfin mai iyali. A Aziziyya bakin babban titi na otal-otal ne da kantuna da dogayen benayen da ake saukar alhazai, ga kuma tsohuwar harabar Jami'ar Ummul Ƙura. Magidancin da ke son gidan kansa dole ya ja da baya, ya ja da baya, har ya kai inda ƙasa ta fara hawa. A nan zai yi gininsa. Abin da za mu duba a wannan babi ya shafe shi, ya kuma shafi mai fili a Asokoro ko Katampe a Abuja, da na Jos, da na Damagaram inda gidajen Birni ke zaune a tsakanin manyan duwatsu.

Mutanenmu sun daɗe a kan duwatsun nan

Hausawa ba baƙin tsaunukan Makka ba ne. Tun zamanin da ake zuwa hajji a ƙasa, ana shekaru a hanya, wasu in sun iso ba sa komawa. Bayan Turawa sun ci Sakkwato a 1903, aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi, jama'a da yawa sun yi hijira gabas; wasu suka tsaya a Sudan, wasu suka ƙetare Bahar Maliya zuwa Hijaz. Jikokinsu ne ake jin sunayensu yau da Hausawi, da Fallata, da Barnawi. Waɗanda suka iso ba su da abin sayen fili a kusa da Harami, sai suka zauna a gefen gari da jikin duwatsu, a wurare irin su Jarwal da Misfala da kewayen Shara Mansur.

Sun yi gini da abin da hannu ya kai. Ɗaki ɗaya bana, wani baɗi, matakala tana bin gidaje tana hawa. Wanda ya taɓa shiga irin waɗannan unguwanni ya san wahalarsu: yaro ya saɓo tukunyar gas a kafaɗa, yana hawa yana hutawa, yana jingina ta a gefen matakala yana share gumi, mara lafiya sai an ɗauko shi a kan kujera zuwa inda mota ke iya tsayawa. An rushe da dama daga cikin unguwannin a shekarun nan saboda manyan ayyuka. Amma sun bar darasi biyu ga mai gini na yau. Na farko, ana iya zama a jikin dutse ba tare da an rusa shi ba. Na biyu, in ba a tsara hanyar shiga tun farko ba, tsofaffin gida ne za su biya kuɗin kuskuren da gwiwoyinsu.

Me zai hana a baje dutsen kawai?

Wannan ita ce shawarar da ke fara zuwa wa kowa, kuma a Makka akwai misalinta ƙiri-ƙiri. A 2002 an rushe ganuwar Ajyad da Turkawa suka gina, aka kwashe tudun da take kai, aka tayar da benayen nan masu agogo, waɗanda mafi tsawonsu ya kai mita 601. An huda tsaunuka an yi hanyoyin mota ta cikinsu, shi ya sa daga Aziziyya zuwa Harami tafiya ce ta ɗan lokaci idan ba cunkoso. Wanda ya ga haka sai ya ɗauka dutse ba komai ba ne.

Gwamnati da manyan kamfanoni suna da aljihun yin wannan. Mai iyali ba shi da shi. Duwatsun Makka masu tauri ne ƙwarai, irin baƙin dutsen da ake fasawa a yi tsakuwa. A cikin unguwa ba a barin mutum ya sa nakiya yadda ya ga dama, don haka sai injin fasa dutse, wanda ke wuni yana sara yana cin kuɗi, maƙwabta suna shan ƙara da ƙura. Abin da aka fasa kuma sai an biya tifa ta kwashe. Ana iya kashe kuɗin bene guda kafin a aza bulo ɗaya. Bayan an gama, gidan zai tashi a cikin rami, da yankakken dutse tsaye a bayansa, kuma duk abin da ya ɓalle daga sama kansa zai nufa.

Akwai dabarar da ta fi wannan haɗari, ita ce kuma aka fi yi saboda arha: a yanko gefen sama, a zuba abin da aka yanko a gefen ƙasa, a daddaɓe, fili ya yi kamar a kwance yake. A ido ba shi da aibu. Amma rabin gidan yana kan dutsen da ba ya motsi, ɗaya rabin yana kan ciko wanda zai yi shekaru yana zama. Kamar mutum ne ya taka fa da ƙafa ɗaya, ɗayar a cikin taɓo. Tsagar takan fito daidai inda dutse ya haɗu da ciko, ta bi bango daga ƙasa har sama, ƙofofi su fara ƙin rufuwa. Komai yawan simintin da aka liƙa, za ta sake buɗewa. Maganin shi ne kowane ginshiƙi ya sauka har sai ya taka dutse na ainihi, ko da na gefen ƙasa zai ninka na sama tsawo. Shi ya sa nake ganin kuɗin da ba a tayawa a irin wannan gini shi ne na safiyo da na gwajin ƙasa. Safiyo zai ba ka taswira mai nuna tudu da gangaren kowane taƙi na filin. Masu gwaji za su huda su gaya maka ina dutse yake da ƙarfi, ina ya ruɓe, ina ɓaraguzai ne kawai suka taru. Mai zanen gida da ya fara zane bai ga waɗannan takardu biyu ba, cinta yake yi.

Gidan da ke bin gangare

Hanyar da ta fi dacewa ita ce gidan ya bi dutsen hawa-hawa. A maimakon fili ɗaya mai faɗi, a yanka ƙananan dandamali biyu ko uku, kowanne da nasa ɓangaren gidan, rufin na ƙasa ya zama farfajiyar na sama. Fasa dutse ya ragu, ciko ya ragu, kowane ɗaki kuma ya sami iska da haske.

Dalilin da ya sa ƙananan yanka suka fi babba lissafi ne mai sauƙi. Katangar da ke tare ƙasa, idan aka ninka tsawonta sau biyu, nauyin da ke tura ta ninkuwa yake yi sau huɗu. Saboda haka katanga biyu masu mita 2 kowacce, da tazara a tsakaninsu, sun fi guda ɗaya mai mita 4 sauƙin kuɗi da kwanciyar hankali. Tazarar nan kuma ba asara ba ce: wurin shanya ne, ko na shuka, ko inda yara za su yi wasa.

Akwai masu sha'awar gidan da ke leƙowa a sarari, rabinsa a iska, irin wanda ake gani a mujallu. Shahararren misalinsa yana Amurka, a jihar Fensilbaniya, gidan da Frank Lloyd Wright ya zana a 1935 a kan wani magangarin ruwa cikin daji. Kyakkyawa ne, babu musu. Amma barandunsa na kankare sun yi ta sunkuyawa a hankali shekara da shekaru, sai a 2002 aka ɗaure su da igiyoyin ƙarfe a kan maƙudan kuɗi. Ga mai iyali da ke gini da guminsa, shawarata ita ce ya bar ginshiƙansa su taka ƙasa.

Ruwa, a garin da ba a cika ruwa ba

Mutane sukan yi mamaki in an ce babban abokin gabar gida a Makka ruwa ne. Abin da ke sauka a shekara bai fi milimita 100 da 'yan kai ba, wato ƙasa da abin da Kano ke samu a watan Agusta kaɗai. Matsalar ita ce yadda yake zuwa. Rabin ruwan shekara yana iya zuba cikin sa'a biyu, a kan dutsen da ba ya sha ko ɗigo, ba ciyawa ba ganye da za su rage masa gudu. Duk ya taru ya nufo kwari, yana tafe da tsakuwa da duwatsu.

Tarihin garin cike yake da wannan. A zamanin Halifa Umar ambaliya ta shiga masallaci ta ɗauke Maƙamu Ibrahim daga wurinsa, har Halifa ya sa aka yi shinge a saman gari don karkatar da ruwa. A 1630 ruwa ya rushe bangayen Ka'aba, aka sake gina ta a zamanin Sarki Murad na Huɗu na Santambul. Hotunan 1941 suna nan, ana ganin ruwa ya cika wurin ɗawafi har mutum yana iyo. A watan Nuwamba na 2009 ambaliyar Jidda ta ci rayuka fiye da 100, kuma unguwannin da aka gina a kan hanyar ruwa su suka fi shan wuya.

Don haka kafin a zana ko ɗaki ɗaya, a hau saman filin a duba ta ina ruwa ke saukowa. Alamarsa ba ta ɓuya: wata 'yar kwazazzaba mai santsi, tarin yashi mai laushi a gindin dutse, 'yan tsirrai da suka jeru a layi ɗaya. A tambayi dattawan unguwa, sun ga abin da taswira ba ta gani ba. Wannan hanya ba a toshe ta, ba a kuma aza ɗaki a kanta. Ana gina mata lambatu a saman gidan, ya tare ruwan ya zagaya da shi ta gefe har zuwa magudanar hukuma. Juya shi zuwa gidan maƙwabcin ƙasa zalunci ne, ko da doka ba ta kama mutum ba.

Sai bayan katanga. Mita ɗaya ta ruwa, tsawo da faɗi da zurfi, nauyinta tan guda ne. Idan ƙasar da ke bayan katanga ta jiƙe ruwan bai sami mafita ba, duk wannan nauyi a kanta yake. Abin da ke ceton ta ba shi da tsada: a zuba tsakuwa a bayanta, a shimfiɗa bututu mai huji a gindi, a bar ƙananan kafofi a jikinta. Wanda ya tsaya gaban irin wannan katanga bayan an ɗauke ruwa zai ga kafofin suna tsiyaya, ruwa mai launin ƙasa yana bin bango yana barin zane. Wasu masu gida sukan ga abin ya ɓata musu fenti su sa a toshe. Kada a yi. Katangar da ke tsiyaya lafiyarta lau. Kuma duk wannan aiki ne na lokacin gini, tun ran gini ran zane. In an riga an cike baya, gyara sai da tono.

A ƙarshe a dubi abin da ke rataye a sama. Dutsen da ya shekara ɗari a zaune yana iya motsawa ranar da ruwa ya wanke ƙasar da ke riƙe da shi. Wanda za a iya saukarwa a saukar, wanda ba za a iya ba a ɗaure shi da ƙarfe ko a lulluɓe fuskar dutsen da ragar waya, kamar yadda ake gani a bakin hanyoyin da aka huda. Tsakanin bangon baya da dutse kuma a bar rata, ko da ta wucewar mutum ɗaya ce.

Ina Hajiya za ta kwana?

Gidanmu ba na miji da mata da 'ya'ya biyu ba ne kawai. Akwai mahaifiya, akwai baƙi daga gida Najeriya ko Nijar da ke zuwa umara su yi wata, akwai ɗan da zai yi aure ba da daɗewa ba. A gidan gangare tambayar farko ita ce wa zai hau, wa ba zai hau ba. Amsata ɗaya ce: ɗakin tsofaffi, da banɗakinsu, da wurin da iyali ke cin abinci, su kasance a hawa ɗaya da ƙofar da mota ke tsayawa. Hajiya ta sauko daga mota ta shiga ɗakinta ba tare da ta taka matakala ba. Matasa su hau sama ko su sauka ƙasa. Ana iya sa lif, kuma yana da kyau a bar masa gurbi ko da ba yanzu za a saya ba, amma inji yana lalacewa, wuta tana ɗaukewa. Inda aka yi gangaren keken marasa lafiya, kowace mita ɗaya ta hawa tana buƙatar mita 12 na tsawo. Ƙasa da haka mai turawa zai wahala, na kai kuma yana cikin haɗari.

Gangare yana da wata kyauta da shimfiɗaɗɗen fili ba ya bayarwa. Idan filin yana da titi sama da ƙasa, gida ɗaya zai sami ƙofa biyu a hawa daban-daban. Majalisar maza, wadda ita ce zauren mutanen Hijaz, ta buɗe ta titi ɗaya, ƙofar iyali ta ɗayan, ba mai haɗuwa da wani. A Aziziyya wannan yana da amfani na musamman. Saboda kusancinta da Mina da wurin jifa, masu gidaje da yawa sukan ba da haya ga alhazai a lokacin hajji, da izinin hukuma, kuɗin 'yan makonnin nan kuma yana ɗauke nauyi mai yawa. Tsoffin mutanen Makka sukan tattara su koma saman gida su bar wa baƙi ƙasa. In an zana hawan ƙasa da ƙofarsa da banɗakunansa da tankinsa daban, iyali ba sai sun tashi ba.

Sutura kuwa a nan ta fi wuya. Katanga mai mita 3 tana rufe tsakar gida a Kano, amma ba ta hana maƙwabcin da ke sama da kai ganin har cikin tukunyarka, kai ma haka kake ga na ƙasa. Tsoffin gidajen Makka sun san wannan. Suna da abin da ake kira harja, farfajiya a saman bene, wadda ake kewayewa da doguwar katangar jan bulo mai ƙananan kafofi, iska ta shiga ido bai shiga ba. A nan iyali ke shan iska da dare, har su kwana. Tagoginsu kuma raushan ne, wato rumfar katako mai sassaƙa da ke fitowa daga bango, na ciki ya ga waje, na waje bai gan shi ba. Sami Angawi, masanin ginin nan ɗan Makka da ya kafa cibiyar binciken hajji a 1975, ya daɗe yana kiran a koma ga wannan hikima, ya kuma nuna ta a gidansa na Jidda. Ba sai an kwafi tsohon gida sak ba. Da bulo mai huji, ko sandunan alminiyam, ko rumfar katako a kan farfajiya, ana samun biyan buƙata ɗaya.

Tagar da ke kallon Harami

A gida mun saba alƙibla tana gabas. A Aziziyya tana wajen faɗuwar rana, domin unguwar tana gabashin Harami. Kowane mai gini a kan tudu yana son babbar taga ta gilashi da za ta hango hasumiyar agogo, kuma wa zai ga laifinsa? Sai dai wannan ita ce fuskar da ranar la'asar ke duka, a garin da zafi ke wuce digiri 45 da bazara. Gilashin da ba shi da inuwa zai mai da falo wurin da ba ya zaunuwa, na'urar sanyi ta yi ta aiki, kuɗin wuta ya yi ta hawa. A yi tagar, amma a shigar da ita ciki, a sa mata baranda mai zurfi da labulen katako ko ƙarfe daga waje. Zafin da aka tare kafin ya taɓa gilashi ya fi wanda aka bari ya shigo sauƙin magani. Rufi ma yana buƙatar abin tare zafi mai kauri, domin sau biyu a shekara, wajen 28 ga Mayu da 16 ga Yuli, rana tana tsayawa daidai bisa Makka da tsakar rana. Mai zane kuma ya tuna da alƙibla tun a takarda sa'ad da yake sanya banɗakuna.

Bishiyar da ka tarar a filin

Tsaunukan Makka ba daji ba ne. Wanda ke son gangare mai itatuwa sai ya hau Hada ko Shafa a wajen Ɗa'ifa, inda sanyi yake. Amma a jikin duwatsun Aziziyya ma akan sami 'yar ƙaya ko magarya ta kafe a tsagar dutse, kuma a farkon 2023, bayan ruwa mai yawa, duniya ta ga hotunan tsaunukan garin sun yi kore shar.

A nan mai gini yana da abin lura da babu shi a Abuja. Aziziyya tana cikin iyakar Harami, kuma shari'a ta hana sare itace ko cire tsiron da ya fito da kansa a cikin Harami. An togace izkir, wata ciyawa mai ƙamshi, bisa roƙon Abbas baffan Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, saboda mutanen garin suna buƙatarta a gidajensu da kaburburansu; malaman Malikiyya sun haɗa da filasko. Abin da mutum ya shuka da hannunsa hukuncinsa daban. Malamai suna da bayani a kan wanda lalurar gini ta tilasta masa, kuma su ya kamata a tambaya kafin a kira mai injin. Ni dai abin da nake roƙo shi ne a sa bishiyar a cikin taswira tun ranar farko, a zana gidan ya kewaye ta. Itacen da ya rayu a wannan dutse ba mai ba shi ruwa ya shekara da yawa kafin ya kai tsayin mutum, saiwoyinsa kuma suna riƙe da 'yar ƙasar da ke wurin. A kafa wa bishiyar shinge lokacin aiki, kada a tara mata siminti a gindi, kada a binne wuyanta da ciko.

In za a shuka sabuwa, darbejiya tana jure zafin nan, kamar yadda duk wanda ya tsaya a Arfa ya sha inuwarta ya shaida. Amma a nesanta ta da katangar tare ƙasa da bututun ruwa, domin saiwarta tana bin danshi duk inda yake.

Shuka tana son ban ruwa, gidan da ke cike da mutane ya fi ta so, ruwa kuma ba ya hawa tudu da kansa. Yadda ake kai shi can, daga tashar tace ruwan teku ta Shu'aiba zuwa tankin da ke saman bene, da abin da masu famfo na yau za su koya daga magudanar da Zubaida matar Haruna Rashid ta sa aka gina fiye da shekara 1,200 da suka wuce, shi ne abin da babi na gaba zai ɗauka.